Injin da bai yi aikin wuni guda ba, me ke cinye shi?

Tambaya ce daga wani makanike mai gareji a nan Yamai. Ga abin da ya ce: "Na ji a rediyo ana yabon wata rokar kamfanin SpaceX, wai ta tashi sau 30 tana dawowa. Ni kuwa akwai Hilux da nake yi wa bidanj, kwantarta ta wuce kilomita 500,000, ba a taɓa sauke injinta ba. To injin da aikinsa na ƴan mintoci ne, me zai ci a jikinsa har sau 30 ya zama abin kiɗa da rawa? Kuma da gaske injin guda ne ke ta komawa, ko sauyawa suke yi?"

Malam, in da agogo za a auna, kai ke da gaskiya, har ma ka yi musu sassauci. Motar da ta ci kilomita 500,000, mu ɗauka tana yin 50 a awa, injinta ya yi awa 10,000 yana juyawa. Injin Shatil kuwa, kumbon Amurka mai zuwa sama ya dawo, injin da ake kira RS-25, da ya fara tashi ranar 12 ga Afrilun 1981, an tsara shi ne ya yi tashi 55, kowane tashi kamar minti takwas da rabi. Rayuwarsa duka ba ta kai awa takwas ba ke nan. Kuma har aka ajiye Shatil a 2011, bayan tashi 135, babu injin ko ɗaya da ya kusanci wannan 55 ɗin.

Sai dai mu masu aikin neman tsaga a jikin ƙarfen tirbin, wato farfelar da iska mai zafi ke juyawa, ba da awa muke ƙirga tsufan irin wannan injin ba. Abin da muke tambaya shi ne sau nawa aka kunna shi aka kashe, kuma yaya kusancinsa da iyakar abin da ƙarfe zai iya ɗauka lokacin da yake aiki. Injin Hilux ɗinka an ƙera shi da rara mai yawa, ƙarfe mai kauri, kuma galibin rayuwarsa ko rabin ƙarfinsa ba ya bayarwa. Injin roka ba shi da wannan gatan. Kusan kashi tara cikin goma na nauyin roka mai ne da oksijin, saboda haka duk kilo guda da aka ƙara wa injin, daga kayan da za a kai sama aka cire shi. RS-25 nauyinsa ya ɗan haura tan 3, amma turin da yake yi ya kai na wajen tan 200, kuma tun daga daƙiƙun farko yake kan cikakken ƙarfinsa.

Mu fara da ɗakin wuta, inda mai da oksijin ke haɗuwa. A RS-25 zafin wurin ya kai digiri 3,300, alhali baƙin ƙarfe yana narkewa tun a wajen 1,500. Matsin kuma ya kai bar 200, wato kamar ninki 200 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Na san za ka ce silindar injin gazuwal ma tana haura bar 100, gaskiya ne, amma na ƙiftawar ido ne, sai iska mai sanyi ta shigo ta huce ta. A nan wutar ba ta ɗagawa. Dabarar da ta hana ɗakin narkewa ita ce an yi bangonsa na ciki da jan ƙarfe da aka gauraya da azurfa kaɗan da zirkoniyam, aka fafe ƙananan hanyoyi 390 a bayansa, ana bi da ruwan haidirojin, wanda shi ne man injin, ta cikinsu kafin ya shiga wuta. Wannan haidirojin sanyinsa digiri 253 ne ƙasa da sifili. Tsakanin wutar da wannan sanyin, kaurin bangon bai kai milimita ɗaya ba.

Kowane makanike zai ce a ƙara masa kauri mana. Ba ya yiwuwa. Bangon yana rayuwa ne saboda zafi na ratsa shi da sauri ya faɗa cikin haidirojin, shi ya sa ma aka zaɓi jan ƙarfe duk da taushinsa. In ka ƙara kauri, fuskar da ke kallon wuta za ta fi yin zafi, ta fi saurin lalacewa.

Ga inda gizo ke saƙa. Ka san abin da ke faruwa da kulas in mota ta yi zafi har allura ta kai ja, direba ya yi gaggawar antaya ruwan sanyi a radiyatar: wani sashe ya tsuke, wani bai tsuke ba, sai kulas ta lanƙwashe ko ta tsage. Abin da kake yi wa direbobi faɗa a kansa, shi ne aikin injin roka na yau da kullum. Da an kunna, fuskar jan ƙarfen nan ta yi zafi tana son buɗewa, amma rigar nikel mai sanyi da ke kewaye da ita ta riƙe ta gam. Tunda ba wurin tafiya, sai ƙarfen ya murƙushe a kan kansa. Da an kashe injin ya huce, sai ya zamana ya gajarta, ana jan sa ta kowane gefe. Bai koma inda ya fito ba ke nan. Ga kuma matsin haidirojin da ke cikin hanyoyin, wanda ya fi na ɗakin wutar, yana turo bangon. Kowace kunnawa sai ya ɗan ƙara kumburowa, ya ɗan ƙara sirancewa, musamman a maƙogwaron ɗakin inda zafi ya fi tsanani, har ranar da zai buɗe baki. Ko minti ɗaya injin ya yi ko minti takwas, wannan ɓarnar ta kunnawa da kashewa kusan ɗaya ce. Saboda haka gwajin da ake yi a ƙasa ma ana rubuta shi cikin shekarun injin.

Akwai wata cuta kuma ta fuskar jan ƙarfen: wutar takan sa ya yi tsatsa, haidirojin ya kankare tsatsar, a sake, a sake, har fuskar ta yi fari-fari ta yi kaushi. Fuska mai kaushi ta fi kama zafi, sai lalacewar ta ƙara sauri. Masu kula da Shatil sukan shiga su goge wurin ya yi santsi tsakanin tashi da tashi. Abin da zai ba ka mamaki, ƴar ƙaramar tsaga a bangon ba ita ce ƙarshen injin ba, domin haidirojin da ke tsiyaya ta cikinta yana sanyaya wurin. Akwai iyakar da aka yarda da ita. Amma in zafin ya wuce lissafi, labari ya sauya. Ranar 12 ga Satumban 2022 rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin, a tashinta na tara, mazurarin injinta, wato bakin da wuta ke fita, ya fashe tana cikin hawa. Babu mutane a ciki, kumbon da ke samanta ya tsere ya sauka lafiya, rokar ta hallaka. Binciken kamfanin ya nuna gajiyar ƙarfe ce, kuma wani sauyi da aka yi wa tsarin sanyayawa ne ya sa wani layi a jikin mazurarin ya riƙa yin zafi fiye da yadda aka zata.

Duk da haka, in ka tambaye ni abin da ya fi hana injiniyoyi barci, ba ɗakin wuta ba ne, famfo ne. Kafin ka cusa mai cikin ɗakin da ke da bar 200, sai ka turo shi da matsin da ya fi haka nesa. Famfon haidirojin na RS-25, wanda girmansa bai wuce na injin babbar mota ba, yana juyi 35,000 a minti, yana ba da ƙarfin doki kusan 71,000. Tirbin da ke juya shi yana da ƙananan fukafukai sama da 120, kowanne kamar babban yatsanka, kowanne yana ɗauke da aikin doki wajen 600. A sanda guda, wannan kai yana cikin iskar wuta, wancan kai yana cikin sanyin da ke daskarar da iska, tsakaninsu ba nisa.

Fukafukan nan azaba biyu suke sha. Ta farko irin wadda na faɗa ce: kafin a kunna, an sanyaya famfon, sai cikin daƙiƙa guda iskar wuta ta buge su, wajen kashewa kuma haidirojin mai sanyi ya wanke su. Ta biyu girgiza ce. A tashi guda sandar tana juyi kusan 300,000, kuma a kowane juyi fiffike yana wuce bakin ƙofofin iska da yawa, kowace ta ɗan doke shi. Miliyoyin duka ke nan cikin minti takwas. Ƙarfen da ake lanƙwasawa kaɗan-kaɗan sau miliyoyi yana gajiya, tsaga ta fara daga wani ɗan tabo da ido ba ya gani, galibi a gindin fiffiken inda ya shiga faifai. Ka ga ke nan ta wannan fuskar, minti takwas ba ƙaramin zamani ba ne.

Sannan rulma. Babu man shafawa a cikinta ko ɗigo. A ɓangaren haidirojin mai zai daskare ya zama dutse, a ɓangaren oksijin kuwa mai da ruwan oksijin in sun haɗu gobara ce. Ruwan oksijin ɗin da kansa ke ratsa rulmar yana sanyaya ta, shi kuwa ba ya da santsin kirki. Ɗan santsin da ake samu daga kejin da ke riƙe ƙwallayen yake fitowa, wanda aka yi da teflon da zaren gilashi, yana gogewa a hankali yana shafar su. A famfon oksijin, wanda ke juyi 28,000 a minti, ƙwallayen ƙarfe a haka dole su ci. Da sun ci kuwa sanda ta fara rawa, farfela ta goga jikin gida, kuma a cikin tsantsar oksijin mai matsi ƙarfe da kansa makamashi ne, yana ci da wuta. An yi asarar injina a wurin gwaji ta wannan hanya a shekarun 1970, kuma irin wannan gobarar takan cinye har shaidar abin da ya tayar da ita. Tsakanin oksijin da iskar tirbin mai cike da haidirojin, a sanda guda, abin da ke raba su shi ne jerin zobban toshiya da ake hura iskar hiliyam a tsakiyarsu.

Haidirojin ma yana da tasa muguntar a ɓoye. Ƙwayarsa ita ce mafi ƙanƙanta a duk halitta, tana kutsawa cikin ƙarfen nikel ta mayar da shi mai saurin karyewa. Sai da aka riƙa shafe wasu sassan da jan ƙarfe, wasu da zinariya, don a tare shi.

Akwai kuma tafasar ruwa a bakin famfo. Inda farfela ke zuƙa da ƙarfi, matsi yakan faɗi, ruwan ya yi kumfa, kumfar ta fashe a jikin ƙarfe tana tsattsage shi, tana kuma girgiza farfelar. Wannan ne ya kayar da rokar H-II ta Japan ranar 15 ga Nuwamban 1999: farfelar gaba ta famfon haidirojin ta gaji ta karye kimanin minti huɗu da tashi. Japanawa ba su tsaya zato ba, sai da suka tsamo injin daga ƙarƙashin teku, zurfin mita kusan 3,000, suka duba karayar da idonsu. Wannan injin ko maimaita shi ba a yi ba, tashinsa na farko ke nan.

Bayan hatsarin kumbon Shatil mai suna Challenger a 1986, wanda ba daga waɗannan injinan ya fito ba, masanin kimiyya Richard Feynman, da ke cikin kwamitin bincike, ya leƙa tarihin RS-25. Ya rubuta cewa famfon haidirojin sai an sauya shi bayan aikin da ya kai tashi uku ko huɗu, na oksijin bayan biyar ko shida, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi alkawari, in ya yi yawa. Abin da ya fi damun sa shi ne yadda ake sassauta ƙa'ida: yau an ga tsaga an ce haɗari ce, gobe an tashi da ita lafiya, jibi sai a ce ai ba komai. Duk wanda ya yi aikin duba injin ya san wannan jarrabawar, domin kullum akwai mai jiran ka sa hannu ya tafi.

Gyaran ya ɗauki shekara ashirin daga tashin farko. Kamfanin Pratt & Whitney ya ƙera sababbin famfuna, na oksijin ya fara tashi a 1995, na haidirojin a 2001. An rage walda ƙwarai, aka koma zuba ƙarfe a zubi guda, domin kowace walda wurin fara tsaga ce, kuma da yawansu suna lungun da ba a iya dubawa. An yi fukafukan da ƙarfe mai ƙwaya guda, babu gaɓar da tsaga za ta bi. Ƙwallayen rulma aka mayar da su na wani tangaran mai tauri, silikon naitiraid, wanda bai kai ƙarfe nauyi ba kuma ba ya saurin yin zafi. Amma a ganina gyaran da ya fi kowanne hikima shi ne na 1998, da aka faɗaɗa maƙogwaron ɗakin wutar. Wannan ya sauke matsi da zafi a ko'ina cikin injin, aka yarda da ɗan rashi a ƙwazo, aka sayi kwana. Sun gane cewa sun matsa wa ƙarfe fiye da kima tun farko.

Kada ka ɗauka kuma duk matsala daga manyan sassa take. Sau ɗaya tak injin RS-25 ya mutu a sama, ranar 29 ga Yulin 1985, kuma lafiyarsa ƙalau: ma'aunan zafi biyu ne suka lalace suka yi wa kwamfuta ƙarya, ta kashe shi. Saura kaɗan ta kashe na biyu, wata injiniya a ƙasa ta gane ƙaryar, aka umarci matuƙan su hana kwamfutar. Na 23 ga Yulin 1999 ya fi ban tsoro. A kan injin akwai ɗaruruwan ƙananan bututu masu fesa oksijin, kuma in an ga ɗaya ya gaji, akan toshe shi da ɗan ƙusa mai zinariya. Ranar da Eileen Collins ta ja kumbon Columbia, mace ta farko da ta shugabanci Shatil, wani ƙusa ya fizge wajen kunnawa, ya bugi cikin mazurari, ya huda uku daga cikin bututun sanyayawa 1,080. Haidirojin ya yi ta zuba har suka isa sama, oksijin ya ƙare musu ɗan kaɗan kafin lokaci. Allah ya kiyaye. Garin neman gira aka kusa rasa ido, kuma daga nan aka daina wannan toshiyar, aka koma sauya bututun.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, domin a nan Shatil ya faɗi. Bayan kowane tashi akan sauke injinan uku a kai su ɗakin gyara. A zura ƴar kyamara mai dogon wuya cikin lunguna, a shafa ruwa mai launi da ke shiga tsaga ya tona ta, a bi da na'urar maganaɗisu da hoton ƙarfe, a juya sanda da hannu a ji ko rulma ta fara ci, a busar da damshi, domin abin da haidirojin da oksijin ke haifarwa ruwa ne, ruwa kuwa tsatsa ne ga rulma. Ana kuma ajiye wasu injinan a cibiyar gwaji ta Stennis a jihar Misisipi ana ƙona su fiye da na tashi, don a ga inda za su fara karyewa, a tsayar da na tashi tun kafin su kai can. A 2004 jimillar ƙonawar irin wannan injin ta haura daƙiƙa miliyan ɗaya. Injin ya zama abin dogaro ƙwarai, amma da dubban hannaye. Ƙarshen labarin da ban takaici: injina 16 da suka rage aka ba sabuwar rokar SLS, wadda ba ta dawowa. Huɗu daga ciki sun tashi ranar 16 ga Nuwamban 2022, ba su dawo ba. A 2020 kuma NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta ba da kwangilar dala biliyan 1.79 don a ƙera sababbi 18, na jefarwa.

To yaya SpaceX ta yi ta kai 30? Ba wani ƙarfen sihiri ta samo ba. Injinta Merlin, guda tara a gindin rokarta Falcon 9, matsinsa bai kai bar 100 ba, rabin na RS-25. Kananzir yake sha, saboda haka babu sanyin 253, babu cutar haidirojin, kuma kananzir yana da ɗan santsi. Tsarinsa mai sauƙi ne: ana ƙona ɗan mai a gefe a juya tirbin, a zubar da hayaƙin waje, ba a mayar da shi ɗakin wuta ba, don haka famfon ba ya shan wahalar da na Shatil ya sha. Aikinsa wajen hawa minti biyu da rabi ne. Ya fi RS-25 shan mai nesa ba kusa ba, amma mai shi ne abu mafi araha a harkar roka. Ga kuma yawan tashi. Tun da suka fara saukar da roka a Disamban 2015, suka sake tayar da wadda ta dawo a Maris ɗin 2017, sun samu abin da masu jefar da injin a teku ba su taɓa samu ba: ɗaruruwan injina da suka je suka dawo, ana buɗewa ana ganin me ya ci, me bai ci ba. Da samfurin Block 5 ya fito a Mayun 2018, burinsu tashi 10 ne ba tare da babban gyara ba. A hankali suka riƙa ɗaga iyakar, har wata ta cika 30 a Agustan 2025.

Su ma sun sha nasu. A 2017 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka ya bayyana cewa ana samun tsaga a tirbin ɗin Merlin, NASA ta ce ba za ta ɗora mutane a kai ba sai an gyara, aka sake fasalin faifan. Kananzir kuma yana barin kunkunniya a tirbin da cikin bututu, kuma in bangon ya yi zafi da yawa yakan dahu a cikin hanyoyin sanyayawa ya bar baƙin gawayi, wanda ke hana zafi wucewa. Saboda haka ake tace shi sosai, a cire farar wuta da ke cin jan ƙarfe, kuma ana wanke injin. Wankin ma ya taɓa jawo tsiya: a Maris ɗin 2020 wani injin ya mutu a sama, a tashi na biyar na rokarsa, shugaban kamfanin Elon Musk ya ce ragowar alkol ɗin wanki ne ya maƙale a wani lungun ma'auni ya kama wuta. A Fabrairun 2021 kuma wata rigar kariya da ke rufe gindin injin ta huje don tsufa, iskar wuta ta shiga, injin ya mutu, rokar ta kasa sauka. A duka biyun kayan sun isa sama, domin sauran takwas sun ɗauki nauyin. Yawan injina ma wata hanya ce ta zama lafiya da lalacewa.

Amsar tambayarka ta biyu: lambar da kake ji ta gangar jikin rokar ce, tankuna da ƙashinta. Injinan ana iya sauke wannan a ɗora wancan, kuma ana yi, ba a ɓoye ba. Su taran ma ba tsufa ɗaya suke yi ba, domin uku ne kawai ake sake kunnawa wajen dawowa, na tsakiya kuma shi ke yin sauka, saboda haka a tafiya guda wani an kunna shi sau ɗaya, wani sau uku ko huɗu. Sashen sama na rokar kuwa, da nasa injin, kowane tashi sabo ne, ba ya dawowa.

Yanzu kamfanoni da yawa sun karkata ga iskar metan, domin ba ta barin kunkunniya kamar kananzir, kuma sanyinta, digiri 162 ƙasa da sifili, ya yi kusa da na oksijin. Amma hanya ta rabu biyu. Blue Origin ta tsayar da injinta BE-4 a wajen bar 140 da gangan, don ya daɗe. SpaceX kuwa ta kai sabon injinta Raptor bar 300, ta wuce RS-25 nesa, kuma ɗaya daga cikin tirbin ɗinsa biyu iskar oksijin mai zafi ke juya shi, wadda ɗan ɓurɓushin ƙarfe in ya bugi bango cikinta zai iya tayar da gobara. Injiniyoyin Tarayyar Sobiyet ne suka fara horar da wannan iskar, da rufi na musamman a jikin ƙarfe. Injinsu RD-170 an tsara shi ya yi tashi 10, amma rokar Energia sau biyu kawai ta tashi, 1987 da 1988, ba a kuwa dawo da ko ɗaya ba.

Ni dai a nawa ganin, Raptor cacar Shatil ce aka sake bugawa, bambancin kawai wannan karon ana ƙera injinan da yawa kamar a masana'antar mota, wanda ya gaji a sauke a ɗora wani maimakon a yi ta jinyarsa. A Oktoban 2024 suka cafke babbar rokarsu mai injin Raptor 33 da hannayen hasumiya wajen saukarta. A Janairun 2025 injin guda daga cikinta ya sake tashi. A Mayun 2025 wata roka ta sake tashi karo na biyu, 29 daga cikin injinanta 33 waɗanda suka taɓa zuwa ne, ko da yake a dawowa an tura ta gwaji mai tsanani ta tarwatse a saman teku. Ci gaba ne na gaske, amma tashi biyu ba ya gaya maka komai game da bangon jan ƙarfe a kunnawa ta hamsin. Kamfanin yana maganar roka ta sauka, a zuba mata mai, ta sake tashi a wuni guda. Falcon 9, mai rabin rabin wannan wahalar, mafi saurin juyawar da ta yi zuwa Maris ɗin 2025 kwana tara ne.